Daga Darna Sabon Gari zuwa Tafkin Kalmalo

Motar Illela ba ta daɗewa ba ta cika ba a tashar Sakkwato, balle in Lahadi ta gabato. Ranar ce kasuwar Illela ke ci, kuma fataken shanu da raƙuma daga Nijar da dillalan da ke loda dabbobi zuwa Kudu duk can suke haɗuwa. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Ana haye gulbin Rima, a bar Kware da tafkinta, a ratsa Gwadabawa, inda hanyar Ɗegel ke kusa, garin da Shehu Usmanu ya zauna kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Daga nan ƙasa ke fara buɗewa. Itatuwa su ja baya, su bar gawo da aduwa jefi-jefi a cikin gonakin da aka girbe, sai rumbunan laka masu hular ciyawa a bakin kowane ƙauye.

Hunturun da ya biyo bayan daminar 2024 na yi wannan tafiya. Daminar ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa duka, har ta yi ɓarna a wurare da yawa na Nijar da Nijeriya, amma ta cika tafkuna. Wani abokina malamin makaranta, ɗan asalin Darna Sabon Gari, shi ya aiko mini cewa in dai da gaske nake ina son ganin tafkin Kalmalo da ruwa da tsuntsayensa, to in zo bana, domin ba kowace shekara ake samun haka ba.

Illela ban tsaya ba sai don sauya abin hawa. Gari ne da hayaniyarsa ta dogara ga iyaka: in ta buɗe ya cika, in ta rufe ya yi sanyi. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma duk wanda ka yi hira da shi a tasha yana da labarin abin da rufewar ta ci masa. Muka hau babur muka bar kwalta. Darna Sabon Gari ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Illela, ƙasar manoma gero da dawa da wake, masu yin lambu da rani in sun sami fadama.

Bayan sallar isha'i abokina ya kai ni gaida wani tsohon maharbi, ƙanen kakansa. Mun tarar da shi a zaure ya lulluɓa da bargo, an hura masa wutar kara. A bango akwai tsohon kwari da baka, da wata bindigar toka da aka ɗaure kututturenta da fata. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mutanen Sakkwato, sa'an nan abokina ya ce, "Baba, baƙon nan labarin daji ya kawo shi."

Tsoho ya yi dariya. "Malam, ai ka makara. Dajin da munka sani ya tahi. Mi yar rage? Zomo da kurege, sai bushiya in ka yi sa'a."

Amma da ya fara, bai tsaya ba sai da wutar ta mutu. Ya lissafa abin da ya gani da idonsa yana saurayi a wannan yanki: barewa garke-garke, gada, dila, yanyawa, kura da ke shigowa har bakin gari da dare, tuje, da zabin daji da fakara da ba su ƙidayuwa. Ya ce farauta iri biyu ce. Akwai ta maharbi, wanda ke fita shi kaɗai ko su biyu, ya san sawu, ya san iska, ya san mashaya. Akwai kuma ta gayya, wadda ake yi wa shela da ganga, samarin ƙauyuka da yawa su fito da karnuka da sanduna da gora, su yi layi su kora daji. A nan ake rigimar nama, a nan 'yan tauri ke nuna kansu. Abin da ya fi nanatawa shi ne, ba a kowane lokaci ake yin ta ba. Da damina daji a rufe yake, domin lokacin haihuwar dabbobi ne kuma amfanin gona na tsaye. Sai an girbe, an kwashe, manyan maharba sun ba da izini, sa'an nan a shiga. Ya ambaci Masalata, ƙauyen Azna da ke kusa da Birnin Ƙwanni a tsallaken iyaka, inda har yanzu ake taron shekara na arwa da buɗar daji. Ya ce su nan musulunci ya daɗe da raba su da tsafin da ke ciki, amma ƙa'idar jira sai an buɗe ta daɗe bayan an bar tsafin.

Na tambaye shi me ya kashe dajin. Bai ɗora wa abu ɗaya ba. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dabbobi tare. Mutane sun yi yawa, saurar da ake bari ta huta ta zama gona ta dindindin. Bindiga ta yi arha, aka koyi farautar dare da fitila a goshi, wadda ba ta bambanta mai ciki da namiji. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta tanadi lasisi da jerin dabbobin da aka hana kashewa, amma shi a rayuwarsa maganar sarkin maharba ya sani, kuma da ta yi rauni ba abin da ya tsaya a gurbinta. Sai kuma masifar da ta zo daga baya. 'Yan bindiga sun addabi gabashin Sakkwato, wasu ƙauyukan Illela ma ba su tsira ba, don haka saurayin da zai yi nisa cikin daji da makami yau yana saka ransa a haɗari ta ɓangare biyu, ko ya faɗa hannun ɓarayi ko a ɗauke shi ɗaya daga cikinsu. Maharban da suka rage, da yawa tsaron gari suke yi.

Da asuba muka kama hanyar Kalmalo, yamma da Illela kaɗan. Sanyin hunturu a kan babur ba wasa ba ne. Mun isa gari na wayewa, hazo bai gama tashi daga kan ruwa ba, muka ajiye babur a gindin wata bagaruwa muka ƙarasa da ƙafa ta kan gefen lambuna.

Kunne ya riga ido. Tun daga nesa ake jin fiton kirinjijiya, wannan agwagwar ruwa mai farar fuska, kuma da muka matso sai ga su a tsaye a kan wani tsibirin laka, kawunansu duk sun juya gefe ɗaya suna kallonmu. Can bayansu akwai ɗinya, babba baƙa mai farin ciki, tana kiwo cikin ciyawar da ruwa ya sha. Zalɓe ya tsaya shi kaɗai cikin ruwa iya gwiwarsa bai motsi. Jinjimi na caccakar laka da lanƙwasasshen bakinsa. Zakaran ƙeƙuwa ne ya tona mana asiri, ya tashi yana zagaya kanmu da ƙara, kuma duk inda muka nufa yana biye. Balbela kuwa sai da shanu suka fara saukowa ta bayyana. Shamuwa ba ta nan, ita sai damina ta ƙarato take dawowa daga kudu.

Abokina ya aro tabarau mai jawo nesa daga wani abokin aikinsa, muna karɓa-karɓa. Da shi ne na ga waɗanda ido kaɗai ba ya rarrabewa: ƙananan agwagi masu launin ƙasa, namijinsu da farin zane a saman ido, da wasu 'yan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke gudu a bakin ruwa suna tsince-tsince. Waɗannan baƙi ne. A Turai da ƙasar Rasha suke ƙyanƙyasa, in sanyin can ya kama su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a tafkunan da ke gefen kudu na hamada daga wajen Oktoba zuwa Maris. Tsuntsun da ya yi wannan tafiya yana isowa ne a rame, ruwan farko da ya tarar shi ne rayuwarsa. Shi ya sa Nijar ta shigar da tafkin Tabalak da na Ɗan Dutsi, dukansu a jihar Tawa, cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2005, kuma Nijeriya ta fara da tafkin Nguru a 2000. Kalmalo na kan layi ɗaya da su, a ido na kuma bai gaza su cancanta ba a shekarar da yake da ruwa.

Mun daɗe a zaune ba mai magana. Ni dai ban san wani abin da ke wanke zuciya da arha irin wannan ba. Wasu yara biyu masu danƙo suka zo suka tsaya kusa da mu, suna mamakin manya da suka zo kallon abin da su harbi suke yi. Abokina ya miƙa wa babbansu tabarau, ya nuna masa yadda ake juya shi. Yaron ya ɗora a ido, ya yi shiru, can ya ce, "Malam, wanga yana da ja ga ido!" Daga nan ya fara gaya mana sunayen da ba mu sani ba, da wanda ke kwana a kan itace, da wanda ke yin sheƙa a ƙasa. Ilimin na nan a bakin yara. Kowace Janairu tun 1967 ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya, kuma a Nijeriya cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta horar da matasa da yawa, har da 'yan Arewa masu zagayawa suna rubuta abin da suka gani. Da za a haɗa irin waɗannan da yaran Kalmalo, da an sami masu ƙidaya da ba sai an yi musu kwatancen hanya ba.

Na tambayi wani dattijo mai ban ruwan albasa ko gauraka na zuwa. Ya ce rabonsa da jin kukanta ya manta. Kamun da ake yi mata don sayarwa ga masu son ta a gidajensu, da bushewar fadamun da take ƙwai a ciki, sun kusa ƙarar da ita a ƙasar nan baki ɗaya.

Hantsi na yi masunta suka fara fitowa da abin da dare ya ba su. Wasu kan gora suke kwanciya su yi iyo suna duba kalli da suka shimfiɗa tun jiya, wasu na jan mamari mai ƙugiyoyi jere, wani saurayi kuma yana jefa birgi daga inda ruwa ya kai masa ƙugu. Kamun ba yawa: tarwaɗa, karfasa 'yan madaidaita, da gaiwa guda biyu masu kauri. Mata da 'yan mata na jira da robobi a gaɓa, ana ciniki kafin kifi ya daina motsi.

Gaiwa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce kifin irin wannan tafki. Tana da huhu, iska take shaƙa. In ruwa ya fara ja sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har ya bushe ya zama kwanso, ta bar 'yar ƙofar numfashi. Haka za ta zauna wata da watanni, tana rayuwa da naman jikinta, har ruwa ya dawo. Masunta sun san alamar raminta a busasshiyar laka, kuma da rani da fartanya ake kamun ta. Tarwaɗa ma na jure ƙarancin ruwa. Amma giwan ruwa da sauran manyan kifayen da ke son zurfi, waɗanda dattawa suka ce a da ana samu a nan, ba su da wannan dabara. Tafki in ya ƙafe sau ɗaya sun tafi, kuma ba su dawowa sai an kawo iri.

Wani dattijon masunci da ke gyaran koma a inuwa ya ba mu wuri. Na ce, "Baba, ruwan nan na wa ne?"

"Na Allah ne, ɗana, kuma na kowa. Bahillace shi shayar da shanunai, mai lambu shi ja, mu mu kama kihi. Amma da can akwai mai hwaɗa a ji."

Ya bayyana yadda abin yake. Sarkin ruwa ke rufe wani sashe na tafki tun ƙarshen damina, a kafa alama, ba mai jefa ko ƙugiya. Kifi ya yi ƙwai, 'ya'ya su girma. In rani ya yi nisa a sa ranar su, a gayyaci maƙwabta, kowa ya zo da homa da gora, a faɗa ruwa lokaci ɗaya, a fitar da rabon sarki da na marasa ƙarfi. Wanda ya ga bikin Argungu ya ga wannan tsari an yi masa ado. Bikin da aka fara a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ƙarfinsa duka na kan abu ɗaya: Matan Fada, inda ake kamun kifin, a rufe take duk shekara. Mutane na kallon sa'ar da dubban masunta ke rugawa cikin ruwa, suna manta watannin haƙurin da suka tara kifin.

A tafkin da ba a san ko zai kai baɗi ba, wannan haƙuri ke fara mutuwa. Dattijon ya faɗe shi a fili: wa zai yarda ya bar kifi ya girma alhali ruwan na iya ƙafewa kafin ranar su? Sai kowa ya kwashi abin da ya samu yau. Ya nuna mini wani gidan sauro da aka ɗinke aka mai da shi taru, irin wanda ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Ya ce akwai masu zuba maganin ƙwari a ruwa da dare, abin da ya fi magimfar da kakanni suka sani muni nesa ba kusa ba, domin shanu na sha, yara na wanka. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta guba da abin fashewa, amma doka ba ta kwana a bakin tafki. Mutanen gari ke kwana.

Gaɓar ma tana da nata rikicin. Duk inda ruwa ya ja da taki ɗaya, lambu ya biyo shi: albasa, tumatir, tattasai, alkama, da injin ban ruwa na ta ƙugi. Ba na ganin laifin manomi, laka ce mai albarka kuma iyali na jira. Sai dai na ga inda shingen ƙaya ya matse burtali har shanu na wucewa ɗaya bayan ɗaya, na ga inda aka sare bagaruwar da tsuntsaye ke kwana. Malamanmu sun karantar da cewa ruwa da makiyaya hakkin tarayya ne, kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu kan hukuncin mallakar ƙasa da hurumin da ba a yarda wani ya killace ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna a matsayin amana, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin amfani da su. Ta kowace fuska aka duba, akwai hujjar a shata wa tafkin nan hurumi, a bar masa gaɓar da ba a nomawa, da mashaya, da kurmin da ba a sara. Abin da ya rage shi ne a zauna a shata.

Laraba, ranar kasuwar Ƙwanni, muka tsallaka. Tsakanin Illela da Birnin Ƙwanni tafiyar 'yan mintoci ce, harshe ɗaya, dangi ɗaya, sai dai kuɗi da tuta. Ina son ganin inda ruwan Kalmalo ke fitowa, domin tafkin ba shi da wani babban gulbi a Nijeriya. Ƙarshen kwarin Majiya ne, wanda ke tattaro ruwan duwatsun Adar, ya biyo ta ƙasar Ƙwanni, ya ƙare a Kalmalo. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 Nijar ta gina madatsun Mozage da Zango a kan wannan kwari, ta jawo ruwan ta magudana zuwa wata ma'ajiya kusa da gari, aka shimfiɗa filin noman rani na sama da hekta 2,400. Na tsaya a bakin magudanar siminti ina kallon ruwa na tafiya a natse zuwa gonakin alkama da albasa. Aiki ne mai kyau, dubban gidaje ke ci daga gare shi, kuma an yi shi ne bayan yunwar da ta girgiza ƙasar. Manoman da muka gaisa da su ma kuka suke, yashi da laka sun cike madatsun, ruwan ba ya kai musu yadda yake kaiwa da.

A nan abin ya fito mini sarai. Masuncin Kalmalo da manomin Ƙwanni daga ƙwarya ɗaya suke sha, wanda ke sama ne kawai ke fara kai baki. A shekarar ruwa mai yawa madatsun su cika su tumbatsa, Kalmalo ya samu. A shekarar ƙaranci abin da ya sauko ba ya isa, ga yashi na cike gindin tafkin, ga rijiyoyin burtsatse na zuƙe na ƙasa. Ba abin da sarkin ruwa zai iya a kan wannan, komai ƙarfin maganarsa.

Kuma ba a rasa takarda ba. Ƙasashen biyu sun kafa hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai mazauni a Yamai. A 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai, ta ambaci kwari huɗu da suna, Majiya da Lamido na farko a ciki, tare da gulbin Maraɗi, da Tagwai da El Fadama, da Komadugu Yobe. Ta ce kowane ɓangare na da hakkin rabo na adalci, kuma kada ɗaya ya yi aikin da zai cuci ɗaya ba tare da shawara ba. Masuntan da na zauna da su ba wanda ya taɓa jin labarinta. A ganina wannan ne babban rashi, ya fi na kuɗi. Yarjejeniyar da mai hakki bai san da ita ba, ba wanda zai tashi ya nemi a cika ta. Dangantakar Abuja da Yamai ta yi tsami a 2023, amma hakiman Illela da na Ƙwanni ba su daina gaisawa a wurin biki da jana'iza ba, kuma su ne suka fi kowa sanin ranar da ruwa ke tsallake iyaka da ranar da yake tsayawa.

Da muka koma Darna na ba tsohon maharbi labarin abin da na gani, har da madatsun da yarjejeniyar. Ya saurara, ya tambayi ko an rubuta yawan ruwan da za a riƙa saki. Na ce abin da aka rubuta shi ne a yi adalci, a kuma riƙa shawara. Ya juya ga abokina ya ce, "To kai da kaka da boko, ka samo muna takardag ga, a karanta ma uban ƙasa da sarkin ruwa da Hausa." Abokina ya ce zai nema a jami'ar Sakkwato, wurin malaman sashen kifi da gandun daji, in ya samu zai fassara ta da kansa, ya kuma kai ɗalibansa bakin tafki kafin baƙin tsuntsaye su tashi a watan Maris. Ni aka ɗora wa sayen tabarau biyu da littafin hotunan tsuntsaye, in aiko da su ta hannun direban motar Lahadi.